Haɗarin Da Ke Tattare Da Cinikin Ƙwallayen Ruwa Na Wasan Yara

JOS — A cikin 'yan shekarun nan wata haja ta shigo sahun kayan wasan yara da na ado, wadda ba ta da nauyi, ba ta da tsada, ba ta kuma lalacewa a shago, amma hukumomin kare masu sayen kaya na ƙasashe da dama sun sa ta cikin jerin abubuwan da ke jefa rayukan ƙananan yara cikin haɗari. Hajar ita ce 'yan ƙwallayen roba masu launi iri-iri da ke kumbura idan an jiƙa su, waɗanda ake ce wa ƙwallayen ruwa. Wasu kuma suna kiransu Orbeez, wato sunan samfurin da ya fi yin fice, wanda kamfanin Spin Master na ƙasar Kanada ya mallaka tun 2019, ko da yake mafi yawan waɗanda ke yawo a kasuwannin duniya ƙananan masana'antu ne dabam-dabam ke yin su, ba wannan kamfani ba.

A bushe, ƙwallon bai wuce ƙwayar gero ko ta dawa ba. Idan aka zuba shi cikin ruwa aka bar shi na wasu sa'o'i, sai ya kai girman ɗan magarya ko kurna, ya yi santsi da sheƙi kamar alewa. Akwai kuma wani nau'i babba wanda kan kai girman lemun tsami, ko ma ƙwan kaza, idan ya kwana biyu ko uku a ruwa. Wannan kumburi shi ne abin sha'awar da ke sayar da hajar, shi ne kuma haɗarin da ke cikinta.

Asalin sinadarin ba domin wasa aka ƙirƙiro shi ba. Tun cikin shekarun 1960 da farkon na 1970 masu bincike na Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka suka yi ta neman abin da zai riƙe wa ƙasar noma laima, har suka samar da wani gari mai shan ruwa ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa. Daga nan kamfanonin Japan suka inganta shi, aka shiga sa shi cikin audugar mata da ƙunzugun jarirai na zamani a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980. Duk uwar da ta taɓa ganin ƙunzugu ya fashe, wani abu mai kama da kamu ya fito daga cikinsa, to ta ga wannan sinadari. An gina shi ne da dogayen zarurruka da aka sarƙe su kamar koma, masu ɗauke da ɓurɓushin gishirin sodiyam. Idan ruwa ya taɓa su sai su zuƙo shi zuwa ciki, komar ta buɗe amma ba ta tsinke ba, saboda haka ƙwallon yakan kumbura ne kawai, ba ya narkewa. Har yau ana amfani da shi wajen renon tsirrai, da riƙe furanni cikin kwalba, da sanyaya kaya, da kuma harsashin bindigogin wasa na yara matasa.

Abin da ke faruwa a cikin jikin yaro idan ya haɗiye shi ya bambanta da abin da aka saba gani game da kwabo ko maɓalli ko tsakuwa. Waɗannan duka girmansu ba ya sauyawa: wanda ya iya wuce maƙogwaro da ƙofar tumbi, yawanci yakan bi hanji ya fita tare da bayan gida. Ƙwallon ruwa kuwa yana shiga ne ƙarami. Tsamin da ke cikin tumbi yakan hana shi kumbura sosai, sai ya wuce ƙofar cikin sauƙi ya faɗa ƙaramin hanji, inda babu wannan tsami, ga kuma ruwa isasshe. A nan ne yake ci gaba da girma yana tafiya, har ya iso inda ba zai iya wucewa ba ya tsaya cik. Hanjin jariri ɗan siriri ne. Da zarar ya toshe, abinci da ruwa da iska sukan taru a bayan ƙwallon, ciki ya kumbura, amai ya biyo baya, sau da yawa kore shar. Idan aka yi jinkiri, jini yakan daina isa wannan sashe na hanji, ya ruɓe ko ya huje, ƙazanta ta malala cikin ciki. A wannan mataki babu abin da ke ceton yaro sai tiyata, wani lokaci ma sai an yanke wani ɓangare na hanjin.

Matsala ta biyu ita ce ganowa. Da yake ƙwallon da ya kumbura kusan duka ruwa ne, hoton eksire ba ya nuna shi kamar yadda yake nuna ƙarfe. Likita zai iya ganin alamun toshewar hanji, amma ba zai ga abin da ya toshe shi ba, sai fa idan an yi hoton sikanin, kuma mai ɗaukar hoton ya san abin da yake nema. Jariri mai rarrafe ba ya magana, wansa ko yarsa da suka zubar da ƙwallayen kuwa ba lalle ne su faɗa ba saboda tsoron bulala. Alamomin farko, wato ƙin nono, da amai, da kasala, da kuka, su ne dai alamomin da iyaye a wannan yanki suka saba jinginawa ga haƙori, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ɓacin ciki. Abu ne sananne cewa yaro mai irin waɗannan alamu yakan fara biyawa ta kemis ko wurin mai maganin gargajiya kafin a kai shi babban asibiti, kuma kowane yini da ya wuce a wannan zagaye ƙwallon ƙara girma yake yi.

Ba ciki kaɗai ba ne. Wasu yaran sukan cusa shi a kunne ko hanci. Wanda ya shiga kunne yakan sha laimar wurin ya kumbura ya danne dodon kunne, har ya fasa shi, wani yaron ma ya rasa ji. A nan dabarar da aka saba yi a gida, ta ɗiga ruwa ko mai domin abin ya fito, ita ce mafi muni, domin ruwan abincinsa ne. Wanda aka shaƙa kuwa yana iya sauka cikin huhu.

Amurka ce ta fi tattara alƙaluma a kan wannan lamari. Hukumar kula da amincin kayan masarufi ta ƙasar, wadda aka kafa cikin 1972, ta ƙiyasta cewa daga 2018 zuwa 2022 kusan mutum 7,000 aka kai sassan gaggawa na asibitoci saboda haɗiye waɗannan ƙwallaye. Wani nazari da masu bincike na asibitin yara na Nationwide da ke Jihar Ohayo suka wallafa cikin 2024 ya ƙirga fiye da 8,000 tsakanin 2007 da 2022, ya kuma nuna cewa adadin ya ninka fiye da sau biyu daga 2021 zuwa 2022 kaɗai. Fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su kai shekara biyar ba. Kusan rabin lamurran haɗiyewa ne, kimanin kashi ɗaya cikin uku kuma cusawa a kunne.

Gargaɗin farko ya daɗe da fitowa. Cikin 2011 likitoci a Jihar Tekzas suka ciro ƙwallo mai faɗin santimita uku da rabi daga hanjin wata jaririya 'yar wata takwas, abin da ya sa a watan Disamba na 2012 aka janye kimanin fakiti 95,000 na samfurin Water Balz da danginsa daga kasuwa. Amma cinikin bai tsaya ba, sai ma ya bunƙasa, musamman bayan da bidiyon wasa da ƙwallayen ya cika intanet, aka kuma riƙa tallata su a matsayin abin da ke taimaka wa yara masu buƙata ta musamman. Sai a watan Satumba na 2023, bayan mutuwar wata jaririya 'yar wata goma a Jihar Wiskonsin, kamfanin Buffalo Games ya janye kimanin fakiti 52,000 da aka sayar a kantunan Target. A watan Disamba na shekarar manyan 'yan kasuwa uku, Amazon da Walmart da Target, suka ba da sanarwar daina sayar da waɗanda ake tallata wa yara. Birtaniya ta fitar da nata gargaɗin a watan Satumba na 2024, inda ta ce a nisanta su daga duk yaron da bai kai shekara biyar ba. A watan Agusta na 2025 kuma hukumar ta Amurka ta amince da sabuwar ƙa'ida, wadda ta ce ƙwallon da ake sayarwa a matsayin abin wasa kada ya wuce milimita biyar bayan ya gama kumbura, ta kuma ƙayyade yawan sinadarin akirilamaid da za a yarda da shi a ciki. Wannan sinadari, wanda kan saura a jikin ƙwallon idan masana'anta ba ta tsabtace aikinta ba, yana illa ga jijiyoyi, kuma tun 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa cutar.

Abin da ya kamata 'yan kasuwar Nijeriya su lura da shi shi ne, rufe ƙofa a wata ƙasa ba ya rufe masana'anta. Mafi yawan kayan wasan yara na duniya a ƙasar Sin ake yin su, musamman a yankin Chenghai na birnin Shantou, ana kuma sarinsu a babbar kasuwar Yiwu, inda fatake daga Afirka ta Yamma suka daɗe suna zuwa. Kayan da manyan kantunan Amurka da Turai suka ƙi karɓa ba zubar da su za a yi ba. Za su nemi kasuwar da ba a tsananta bincike, kuma farashinsu zai sauka. Daga tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can kayan koli sukan shiga kasuwannin Idumota da Balogun da Trade Fair a Legas, ko su wuce Anacha da Sabon Garin Kano, daga nan 'yan sari su kawo su Jos. Ga kuma sabuwar hanya da ba ta bi ta hannun ɗan sari ko kaɗan, wato sayayya ta wayar hannu, wadda ke kawo ƙaramin ƙunshi har ƙofar gida.

Tsarin cinikin Jos kansa yana da nasa tasiri. Tun bayan gobarar da ta cinye Babbar Kasuwar Taminus a watan Fabrairu na 2002, cinikin da a da ke ƙarƙashin rufi guda ya watsu zuwa gefen titin Ahmadu Bello da na Murtala Muhammad da na Rwang Pam, da kasuwanni irin su Katako da Bukuru da ta hanyar Rukuba, ban da masu tebur da masu baro da masu talla a ƙofar makarantu. Bin sawun kowace haja a irin wannan yanayi aiki ne ja. Ƙaramin ɗan kasuwa kuma ba ya sayar da kaya yadda ya saro su. Yakan buɗe babban fakiti ya ƙulla a 'yan ledoji daidai kuɗin da ɗan makaranta zai iya biya, kamar yadda ake yi wa sukari da omo. Duk wani gargaɗi da masana'anta ta buga, na shekarun yaro ko na haɗarin haɗiyewa, yana tafiya tare da kwalin da aka yar. Ko da kwalin ya tsira ma, da Turanci ko da Sinanci aka rubuta shi, cikin ƙananan haruffa. Tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, Dala ta tashi daga kimanin Naira 460 zuwa sama da Naira 1,500 cikin 2024, kayan wasa masu inganci suka fi ƙarfin iyalai da yawa, kasuwa ta karkata ga mafi araha. Ƙwallon ruwa kuwa ya dace da wannan hali ƙwarai: cokali guda na busasshe yakan cika kwano.

Akwai wata ƙofar da ta shafi Filato fiye da sauran jihohin Arewa. Sanyin tsaunin, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,200, ya sa Jos ta yi suna wajen noman furanni da renon tsirrai, ga kuma harkar ƙawata wuraren biki da ke bunƙasa. Ƙwallon da ake zubawa a kwalbar fure ko a kan teburin walima shi ne dai wanda ake sayar wa yara, sunan kawai ya bambanta. Hatta sabuwar ƙa'idar ta Amurka kayan wasa kaɗai ta shafa, ba ta taɓa na ado da na lambu ba. Ke nan gidan da ba a taɓa saya wa yaro abin wasa ba ma zai iya samun ƙwallayen a falo, ko uwa ta ɗebo su daga wurin biki a matsayin tsaraba. Hunturun Jos kuma yakan ƙara dagula lamarin: ƙwallon da ya gangara ƙarƙashin kujera ko ya maƙale a kafet yakan bushe cikin 'yan kwanaki ya koma ƙwayar gero, tsintsiya ta wuce shi, idon babba bai gan shi ba, sai mai rarrafe ya tsinto shi bayan makonni.

Ta fuskar doka, hukumomi biyu ne lamarin ya rataya a wuyansu. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, wadda aka kafa cikin 1971 aka kuma sake mata doka a 2015, ita ke gudanar da shirin SONCAP tun 2005, wanda ya wajabta a gwada wasu kayayyaki tun a ƙasar da aka yi su, a ba su takardar shaida, kafin kwastan ta sake su. Kayan wasan yara suna cikin waɗanda shirin ya shafa. Sai kuma hukumar FCCPC, wadda dokar kare masu sayen kaya ta 2018 ta kafa a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye. Wannan doka ta ɗora wa mai yin kaya da mai rarraba su alhakin sanar da jama'a da janye duk hajar da aka gano tana da haɗari, ta kuma bai wa wanda ya cutu damar neman diyya. Saboda haka ɗan sari a Jos ba zai fake da cewa shi ba shi ya ƙera ba. Sai dai takardar shaida tana bin sunan da aka rubuta a kan kaya ne. Buhun da aka shigo da shi da sunan kayan lambu ko na ado ba ya bi ta gwajin kayan wasa, haka ma ƙunshin da ya zo cikin jakar matafiyi.

Mutanen Jos sun riga sun san abin da haja marar bincike ke iya yi wa yara. Daga watan Yuni zuwa Satumba na 1990 yara 47 suka mutu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha maganin farasitamol na ruwa da aka haɗa da gubar dayetilin gilaikol a maimakon sinadarin da ya dace, ƙodarsu ta daina aiki. Idan aka haɗa da na Badun, yaran da suka rasu sun kai 109. Wannan masifa tana cikin dalilan da suka sa aka kafa hukumar NAFDAC cikin 1993. Duk da haka irin wannan guba ta sake ɓulla a 2008 cikin maganin haƙori na My Pikin, ta hallaka aƙalla yara 84. Ƙwallon ruwa ba magani ba ne, ba kuma ya kashe yara da yawa a lokaci guda kamar wancan, kuma watakila wannan ne ya sa ya fi wuyar kamawa. Yaro guda a Farin Gada, wani a Bukuru bayan wata uku, kowanne a rubuta shi cikin littafin asibiti da sunan toshewar hanji, ba abin da zai haɗa su wuri guda sai idan likitocin tiyata sun riƙa rubuta abin da suka ciro, suna kuma aika wa hukumomin ciniki rahoto.

Lissafin kuɗin bai daidaita ba ko kusa. Ribar ɗan tebur a kan ƙulli guda ba ta taka kara ta karya ba, amma aikin tiyatar hanji ya ƙunshi hotuna, da ƙarin ruwa da jini, da magunguna, da kwanaki a gadon asibiti, da kuma ranakun da uwa da uba za su bar sana'a. A Nijeriya sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyata yake fitowa kai tsaye. Jihar Filato ta kafa hukumar inshorar lafiya ta PLASCHEMA cikin 2019, dokar tarayya ta 2022 kuma ta wajabta inshorar ga kowa, amma mafi yawan masu ƙananan sana'o'i har yanzu da kuɗin hannu suke biya. Tiyatar jarirai kuwa ba kowane asibiti ke yin ta ba. A Jos manyan wuraren da ake dosa su ne Asibitin Koyarwa da ke Lamingo, da Asibitin Ƙwararru na jiha, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham da aka fi sani da Jankwano. Iyalin da ke Shendam ko Wase ko Langtang sai sun ƙara da kuɗin mota da tafiyar sa'o'i.

Shawarar da likitocin yara da hukumomin ƙasashen da aka ambata suka haɗu a kanta ita ce, gidan da ke da yaro ƙasa da shekara biyar kada a ajiye ƙwallayen a cikinsa sam, ko da na yayyensa ne, domin sa ido ba ya wadatarwa ga abin da ke gangarawa ya ɓace. Haka ma makarantun renon yara. Wanda yake da su ya ƙulle su cikin leda ya jefa a shara, kada ya zuba a kwata ko masai na ruwa, domin suna toshe bututu kamar yadda suke toshe hanji. Idan ana zaton yaro ya haɗiye, kada a sa shi amai, kada a ba shi manja ko maganin wankin ciki, kada kuma a jira alamu su bayyana. A kai shi babban asibiti nan take, a gaya wa likita ƙarara cewa akwai ƙwallayen ruwa a gidan, a tafi da ragowarsu ko kwalinsu domin a ga irin girman da suke kaiwa. Wannan bayani guda shi ke sa likita ya wuce hoton eksire ya nemi na sikanin.

Ga 'yan kasuwa kuwa akwai gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar ɗakin bincike. A jiƙa 'yan ƙwayoyi daga kowane sabon kaya cikin kofin ruwa, a bar su kwana biyu, sa'an nan a auna. Duk wanda ya wuce milimita biyar, wato kimanin ƙaramar ƙwayar wake, ba zai samu shiga kasuwar kayan wasa ta Amurka ba a ƙarƙashin ƙa'idar 2025. Ƙa'idar kayan wasa ta Tarayyar Turai ma ta fi haka tsauri, domin ba ta yarda ƙaramin abin wasa ya kumbura fiye da rabin girmansa na asali ta kowane gefe ba, ma'aunin da ƙwallon ruwa na kasuwa kan zarce cikin sa'ar farko.